Ku Tambayi Inna: Albashi Na Ƙarewa Tun Wata Bai Raba Ba

Assalamu alaikum jama'ar wanga fili. Saƙonnin da sunka shigo wannan karon kusan duk maganarsu ɗaya ce, kuɗi ba sa isa, don haka na tsamo guda shida da nake ganin amsarsu za ta amfani wasu ma da ba su rubuto ba. Kamar yadda muka saba ba a sa sunan kowa, unguwa ko gari kawai.

TAMBAYA (wani malamin firamare, Runjin Sambo): Salamu alaikum Inna. Ina da mata ɗaya da ɗiya huɗu, albashina 80,000 ne da 'yan kai, wallahi kafin 15 ga wata babu ko sisi, sai cin bashi wurin mai shago, in albashi ya shigo in biya shi in sake komawa gidan jiya. Ba ni shan taba, ba ni yawon banza, amma ban san inda kuɗin ke tahiya ba. Ina za ni rage?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Kafin komai ka cire wa ranka cewa sakacinka ne kaɗai ya jawo haka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuma ka san duk abin da mota ke ɗaukowa sai ya bi ta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000 a Yulin shekarar, amma kasuwa ta riga ta yi gaba. Mai ciyar da mutum shida a kan 80,000 yana cikin matsi na gaske, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa akwai dabarar da za ta mai da su 200,000 ba.

Amma akwai magana ɗaya a saƙonka da na riƙe, ka ce ba ka san inda kuɗin ke tafiya ba, to nan za mu fara. Ka samu ɗan littafi irin na ɗalibanka, wata guda cur duk nairar da ta fita daga aljihunka ka rubuta ta a daren ranar, har kuɗin ruwan leda, har 100 da ka miƙa wa yaro ya sayi alewa. Kar ka rage komai a wannan watan, rubutu kawai. Kuma ka sa maiɗakinka cikin aikin ta rubuta nata na cefane, wanda ke nufin sai ka gaya mata nawa kake ɗauka. Na san maza da yawa ba sa son wannan, gani suke raini zai shigo, ni kuwa abin da na gani a gidaje shi ne macen da ta san albashin mijinta ta fi tausaya masa, wadda ba ta sani ba kullum zato take akwai abin da ake ɓoye mata.

In wata ya cika ka zauna ka tara, galibi ba manyan abubuwa ne ke fitowa ba. Kabu-kabu zuwa da dawowa, in 600 ne a rana, kwana 22 na aiki ya zama 13,200, kusan kashi ɗaya cikin shida na albashinka ke nan. Cirar kuɗi kaɗan-kaɗan wurin mai POS, yau 2,000 gobe 3,000 kowanne da cajinsa, ga naira 6.98 da ake yanka in ka yi harkar banki ta danna lambobi a waya, ga naira 50 ta gwamnati kan turin kuɗi daga 10,000 zuwa sama. ATM ɗin bankin da ba naka ba kuma tun Maris ɗin 2025 naira 100 yake ci kan kowace 20,000, na bankinka ne kyauta, to ka daure ka bi layi sau ɗaya ko biyu a wata ka ciro abin da ka tsara.

Sai babbar matsalar, bashin mai shago. Ba wai mai shagon mugu ba ne, ya ma rufa maka asiri, amma duk mai ci da bashi a shago ƙulli-ƙulli yake saye, sukarin 200, man gyaɗan 300, omo ɗan leda, taliya ɗaya, kuma ƙulli shi ne mafi tsadar hanyar sayen komai, ga shi ba ka da bakin neman ragi tunda ba da kuɗi ka zo ba. Fita daga ciki ba a wata ɗaya ba ne. Ka same shi ku yi magana ta mutunci, tsohon bashin ka riƙa biya kashi-kashi cikin wata uku ko huɗu, sabon ci kuma ka tsayar. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka biya ta ko'ina, ka wuce Tsohuwar Kasuwa ko Kara ka auno abincin wata, gero, dawa ko masara, wake, gishiri, sabulu sanda-sanda. In kuɗinka ba za su sayi buhu ba ku haɗu ku huɗu ko biyar a makarantarku ku sayi ɗaya ku raba da kwano, haka jarkar mai, sharaɗin kawai a auna a gaban kowa.

Kabu-kabun kuwa, in makarantar ba ta yi nisa can ba ka taya keke na hannu ka lissafa kuɗin hawan wata nawa ne zai saya maka shi. Na san abin da ke hana mutane shi ne kar a ce malam ya koma keke, amma mutuncin da ke cikin rashin bashi ya fi wannan maganar nauyi.

TAMBAYA (wata uwargida, Mabera): Inna ina wuni. Maigidana 3,000 shika ba ni kullum na cefane, mu bakwai ne gidan, kuma shina son shi ga miya ta yi ja da nama. In na ce mai ba su isa sai shi ce ban iya tattali ba, ni ko ba ni son hwaɗa. Mi za ni yi?

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, Allah ya bar ku tare. Raba 3,000 gida bakwai, kowane mutum bai kai 430 ba a wuni, na safe da na rana da na dare. Wanda ke son nama kullum a kan wannan ya daɗe bai shiga kasuwa ba. Amma kar ki yi masa lissafin nan yana shigowa da yunwa ko a gaban yara, ki bari ya ci ya huta, ki nuna masa a rubuce abin da kika saya jiya da kuɗin kowanne, sannan ki roƙe shi ranar da ba shi da fita ya shiga Kasuwar Daji da kansa da 3,000 ɗin ya yo cefanen. Ba don ki kunyata shi ba, don idonsa ya gane masa. Sai ki nemi ya riƙa haɗa miki na mako, 21,000 a dunƙule, ko na kwana uku-uku in bai samu, domin da dunƙulallen kuɗi ne ake sayen kwano a bar ƙulli.

Yanzu ga naki ɓangaren. Mu nan Allah ya ba mu fadama ya ba mu rana. Daga lokacin sanyi zuwa farkon bazara kayan lambun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo ke cika kasuwa, tumatir da tattasai da tarugu su yi araha har wani ya ruɓe a kwando, da damina ta kankama kuma su yi tsadar da sai dai kallo. Iyayenmu ba su dogara da ɗanye ba, kauɗa suke yi. Ki sayi kwando lokacin arahar, ko ku haɗa da maƙwabciya ku raba, ki wanke ki yanka ki barbaɗa ɗan gishiri ki shanya kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu, ba ƙasa inda ƙura da awaki ke bi ba, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Sai ya bushe ƙayau kafin ki ɗaure, in da sauran danshi zai yi hunhuna ki yi asara. Ranar girki ki jiƙa da ruwan zafi ki niƙa da albasa, miya za ta yi jan da maigida ke so. Haka kuɓewa, haka yakuwa da rama, ganyen albasa kuma a yi gabu. Zogale ma in kina da ɗan fili ko bayan ɗaki ne ki dasa biyu, ruwan alwala ya ishe su.

Nama ba dole sai kullum ba, amma abin gina jiki dole ne kullum, a nan nake so ki kula sosai. Wake, awarar waken suya da za ki iya yi da hannunki, daddawa mai kyau, ƙuli-ƙuli a kwaɗo, busassun ƙananan kifi a daka a zuba a miyar kuka. Abin da ke ba ni tsoro a irin wanga matsi shi ne a koma tuwo da miya tsululu, cikin yara ya cika amma jiki na ramewa, duk wanda ya leƙa sashen yara masu tamowa a asibitocin jihar nan tamu ta Sakkwato ya san ba ƙaramar magana nake ba. In kina da wanda aka yaye, ki soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama ki kai niƙa ki riƙa dama masa kunu, irin wanda ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, ya fi kayan gwangwani araha nesa ba kusa ba. Abin da za ki rage shi ne lemon kwalba da biskit da indomi da magi biyar a tukunya ɗaya.

Wuta kuma, ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya, in kin sauke girki ki kife tsohuwar tukunya kan gawayin ya mutu ki adana na gobe. In tuwo ya kwana a yi ɗumame da safe, ya hutar da ke sayen ƙosai da burodi.

TAMBAYA (wata ɗaliba, Jami'ar Usmanu Danfodiyo): Inna barka da aiki. 25,000 ake turo min daga gida duk wata, amma na lura kusan 9,000 a data da kati suke tafiya, kuma wlh ina buƙatar datar saboda karatu. Ya zan yi?

AMSA: Yauwa ɗiyata, ke kin ma yi rabin aikin tunda kin san adadin. Gaskiya ne data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, amma ki shiga saitin wayarki inda ake nuna abin da kowace manhaja ta ci, yawanci ba karatu ne a sama ba, bidiyon TikTok ne da Facebook da Instagram. Ki kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp musamman in guruf sun yi miki yawa, ki kashe bidiyo mai kunna kansa, littattafai da laccoci ki sauke su sau ɗaya da datar dare ki ajiye. Ki danna *305# ki ga ko akwai wani tsari da ke cin katinki ba ki sani ba, irin waƙar kira, ki soke. Kuma ki daina cin bashin kati, galibi kashi 15 cikin 100 suke yankewa tun kafin su ba ki, ki ci bashin 1,000 a ba ki 850 ki biya 1,000. Ki yanka wa kanki 5,000 a wata, in ta ƙare ta ƙare.

TAMBAYA (wata mai sayar da turaren wuta, Gawon Nama): Inna don Allah ki ba ni shawara. Cikin wata biyu an kawo min anko huɗu, biyu na dangin miji, ɗaya na ƙawata, ɗaya na maƙwabta, ga kuɗin atamfa ga ɗinki ga gudunmawa, har na taɓa jarina. In ban yi ba a ce ba ni da zumunci ko baƙin ciki nake. Ya zan yi in tsira da mutuncina?

AMSA: 'Yar'uwa tambayar nan taki ta fi kowacce taɓa ni, domin a ganina cikin duk ƙofofin da kuɗi ke zurarewa a gidajenmu babu mai faɗin ta "kar a ce". Mace ta yi wata guda tana tattalin magi da gawayi ta tara 10,000, rana ɗaya anko ya kwashe har da bashi a kai, atamfar kuma a sa ta sau ɗaya ko biyu ta shige akwati don biki na gaba da nasa ankon.

Zumunci wajibi ne, anko ba wajibi ba ne, ba a addini ba, ba a al'adarmu ta asali ba, shigowa ya yi daga baya. Zumunci shi ne ki je, ki je da wuri, ki kama aiki, ki tsaya kan tukunya ko wanke-wanke, ki damƙa abin da kike iyawa a hannun uwar amarya cikin sirri. Matar da ta kwana tana tuƙa tuwon biki ba a manta ta ko da tsohon zane ta zo. Ki kafa wa kanki doka tun yanzu, misali anko sai na wanda kuke ciki ɗaya da shi, ke ko maigida, sauran ki nemi mai kalar da ta yi kusa cikin kayanki. Kuma ki faɗa tun ranar da aka kawo, kar ki karɓa ki ce za ki duba, ki ce "Allah ya sa alheri, wallahi bana ba ni da halin anko amma in sha Allah da ni za a yi komai." Farko-farko za a yi magana, ba zan ɓoye miki ba, wata ma za ta yi fushi, amma daga baya za ki ga wasu na zuwa suna ce miki su ma dama sun gaji.

Gudunmawa kuma kin san yadda bikin mata yake, in ta kawo miki 5,000 ana sa ran ki mayar da 10,000, haka zai yi ta ninkuwa har ya fi ƙarfin kowa. Ku zauna da ƙawayen bikinki ku yi yarjejeniya a daina ninkawa. Ki ware wani abu ƙayyadajje duk wata, ko 2,000 ne, a gwangwani daban, biki da suna da dubiya da gaisuwar rasuwa duk daga ciki, in ya ƙare ki je da ƙafarki da addu'arki. Jari kam kar ki sake taɓa shi, ranar da ya karye waɗanda kika yi wa ankon ba za su iya haɗa miki wani ba, ba don mugunta ba, su ma fama suke.

Abin ya kai har majalisar dokokin jihar nan ta yi dokar taƙaita almubazzaranci a bukukuwan aure da suna a 2023, amma doka ba za ta shiga ɗakin kowa ba. Shi ya sa nake roƙon iyayen amare, don Allah ku daina ɗora wa mutane, kamu da ankonsa, walima da nata, dina da nata. Malamanmu na Malikiyya sun ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, aure ya ɗauru da wannan, sauran duk mu munka ƙara wa kanmu. Kuma ba rowa nake koya miki ba, a Suratul Furƙan Allah ya yabi bayinsa da cewa in za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, tsakatsaki suke.

TAMBAYA (wani ɗan kabu-kabu, Illela): Inna ina gaisuwa. Na ɗau niyyar aje 1,000 kullum, na gwada asusu amma da ya ɗan yi nauyi sai wata lalura ta taso in fasa shi. Yanzu wani abokina ya nuna mani wata harka ta waya, wai in ka sa 50,000 bayan wata guda ta koma 100,000, shi har ya ci sau ɗaya. In shiga ko in yi adashi?

AMSA: Ɗana kar ka shiga, ko sisi kar ka sa. Babu halastacciyar sana'ar da ke ninka kuɗi cikin kwana 30 kana zaune, kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, shi ya sa abokinka ya ci na farko, an ba shi ne don ya jawo irinka. Haka harkar ninka kuɗi ta MMM ta yi da mutane a ƙarshen 2016, haka CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, alƙawarinta ma irin wannan ne sak, ninki cikin wata guda. Ka gaya wa abokin naka ya ciro uwar kuɗinsa tun ana ba shi. Cacar ƙwallo ta waya da manhajojin bashi masu kiran duk lambobin wayarka in ka makara, su ma ka nisance su.

Niyyarka kuwa babba ce, 1,000 kullum 30,000 ke nan a wata, 365,000 a shekara. Abin da ke sa asusunka fashewa shi ne wuri ɗaya ka haɗa kuɗin lalura da na buri. Raba su, 300 na lalura, faci, baƙin mai, taya, ciwon yaro, wannan a inda hannu ke kaiwa, 700 kuma a inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Kuma ka cire su daga kuɗin farko da ka samu bayan na mai, in ka ce sai dare ka ga abin da ya rage ba abin da zai rage.

Adashi yana da kyau in kun san juna, mutum goma ko sha biyu 'yan tasha ɗaya, mai riƙon kuɗin yana da gida da iyali a garin, a rubuta zubi da kwasa a littafi. Ka guji adashin guruf na waya da ba ka taɓa ganin fuskar masu shi ba, kuma kar zagayen ya yi tsawo, don in kaya na tashi mai kwasar ƙarshe shi ke cutuwa. In banki kake so kana kuma gudun kuɗin ruwa, akwai waɗanda ba sa harka da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019, kuma tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki NDIC tana lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya rushe. Ka buɗe asusun ajiya kar ka karɓi katin ATM.

Amma shawarata ta gaske, kar ka bar kuɗi su daɗe a takarda. In ka kwashi adashi da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ka sayi geron da gidanka zai ci har wata kakar, a yawancin shekaru lokacin ya fi araha, tsakiyar damina kuma ya fi tsada. In dami-dami ka samu ya ma fi, gero a zangarniyarsa cikin rumbu ya fi jure ƙwari, ita ce shawarar da Annabi Yusuf alaihis salam ya ba mutanen Masar, su bar abin da suka girbe cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Wake kuma ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, in waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Don Allah kar a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a abin da za a ci, guba ce. Kuma na ci nake cewa ka saya fa, ba na ɓoyo don jiran tsada ba, waɗanda sunka tara hatsi don riba sun ji jiki a 2025 da farashi ya sauko maimakon ya hau.

In an samu ragowa, 'yar akuya. Jar akuyarmu ta Sakkwato tana da juriya, tana yawan haihuwar tagwaye, ga kasuwarku ta Lahadi a bakin ƙofa in lalura ta taso. Sai dai ka lissafa dusa da harawa da allurar rigakafi kafin ka saya, ka kuma tabbatar akwai mai kula da ita a gida, kiwon da duk abincinsa sai an sayo da rani ba ya barin riba sosai.

TAMBAYA (wani dattijo ɗan fansho, Ƙofar Rini): Hajiya ina yi maki fatan alheri. Shekaruna 68, ina da hawan jini, likita ya ɗora ni kan magani kullum. Da tsada ta yi yawa sai na koma in sha yau in tsallake gobe, wani lokaci sai na ji kaina na ciwo sannan in sha. Jikoki uku ke hannuna. Wagga dabara ta yi?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maku da alheri kan riƙon jikokin nan. Amma ku yi haƙuri, ba ta yi ba, ina roƙonku tun daga yau ku koma shan maganin kullum yadda likita ya ce. Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama, mutum na jin garau alhali jinin na sama, yana taɓa zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, ranar da zai nuna kansa sai ya zo da shanyewar ɓarin jiki, Allah ya tsare. Abin da kwanciya a asibiti ke ci ya ninka kuɗin maganin, ban da halin da yaran nan za su shiga in kun kwanta.

Akwai hanyar rage kuɗin ba tare da rage maganin ba. Ku koma wurin likitan ku gaya masa gaskiya kuɗin sun yi maku yawa, ba abin kunya ba ne, kullum suna jin irin haka. Yawancin magungunan hawan jini akwai na wani kamfani mai sinadari iri ɗaya da ya fi araha, shi zai iya canza maku, amma kar ku canza da kanku a kemis, kuma a duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, kar a saya hannun masu talla cikin rana. Ku sa wani cikin 'ya'yanku ya je ofishin SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ya tambayo tsarin da ya dace da ku da yadda ake rajista. Rage gishiri da magi a miya da ɗan tattaki bayan sallar asuba suna taimaka wa maganin kuma ba sa cin ko kwabo, sai dai ba sa maye gurbinsa.

Jikokin kuma a riƙa kwantar da su cikin gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun zo da damina a karɓa a ba su cikakke, kyauta ne. In akwai 'ya'ya ko dangi masu ɗan hali ku kira su ku nuna masu takardar maganin kowa ya ɗauki wata ɗaya, haƙƙinku ne a kansu.

Masu tambaya kan kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.